Mun kai shi ɗakin wasan sau ɗaya, ya dawo da kuka da amai: mu sake komawa?

Assalamu alaikum, Anti. Ina da yara biyu, mace 'yar shekara 8 da namiji ɗan shekara 5. Bara likitoci suka tabbatar mana namijin yana da lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Maganarsa kaɗan ce, ba ya son ƙara, amma ba ya gajiya da tsalle a kan gado da juyi a tsakar ɗaki. Aka ba ni labarin wani ɗakin wasa da aka shirya domin irin yaran nan, mai lilo iri-iri da katifu da ramin ƙwallaye da ɗakin fitilu. Ranar Asabar da yamma muka je mu huɗu. Wurin a cike, har ana bikin zagayowar ranar haihuwar wani yaro. Da shigarmu ya toshe kunnuwa ya ƙanƙame ni. Can ya hango wani lilo mai juyawa, ya hau, ya fi minti 20 a kai yana ta dariya, ni kuma ina ta juya shi don na daɗe ban ga farin cikinsa haka ba. Da lokacin tafiya ya yi sai ya zube ƙasa yana ihu yana buga kai, ya ciji yayarsa, a mota ya yi amai, daren nan bai runtsa ba sai wajen ƙarfe biyu. Maigidana ya ce an gama, ba zai ƙara kai ɗansa inda za a zuba masa ido ba. Yayar ta ce kullum shi ke ɓata musu fita. Ni kuwa dariyar nan ta tsaya mini a rai. Laifina ne? Mu koma ko mu haƙura?

Daga wata uwar yara biyu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya ba ki ladan ɗawainiya. Zan fara da tambayar da na san ita ta fi cin ranki: ba laifinki ba ne. Uwar da ta ga ɗanta yana ƙyalƙyala dariya bayan dogon lokaci, hannunta ba zai yarda ya saki lilon ba, kuma babu wanda ya tsaya ya gaya miki cewa juyi yana da ƙa'ida kamar shan magani. Shawarata ita ce ku koma, amma ba irin zuwan farko ba. Abu biyu ne suka ɓata ranar nan, lokacin da kuka je da yawan abin da aka ɗora wa jikinsa, kuma duka biyun ana iya gyara su.

Mun saba ƙirga hanyoyi biyar da jiki ke karɓar saƙo: gani, ji, shinshina, ɗanɗano da taɓawa. Akwai wasu biyu da waɗannan ɗakunan wasa suka fi aiki a kansu. Ɗaya yana can cikin kunne, inda ake da wasu ƙananan bututu uku masu lanƙwasa a kowane gefe, cike da ruwa. Duk lokacin da kai ya juya ko ya sunkuya, ruwan nan yana motsawa ya shaida wa ƙwaƙwalwa. Ɗayan yana cikin tsoka da gaɓoɓi, shi ke sa ki san inda hannunki yake ko da idonki a rufe. Wata Ba'amurkiya mai suna Jean Ayres, ƙwararriya a koyar da masu lalura ayyukan yau da kullum, ita ce tun shekarun 1960 zuwa 1970 ta ja hankali kan yadda wasu yara ke wahala wajen tace waɗannan saƙonni, kuma daga aikinta ne lilon da ake ratayewa a rufi da katifun faɗawa suka bazu. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta saka yawan jin ƙara ko haske ko taɓi, da kuma ƙarancin jinsu, cikin alamomin da ake duba otizim da su. Yaro ɗaya yana iya haɗa biyun. Ɗanki kunnensa ya cika ɗaukar ƙara, jikinsa kuma yana ƙishin motsi.

Yanzu ki sake kallon ranar Asabar ɗin da wannan idon. Ki ɗauki jikinsa kamar tulu: tun a bakin ƙofa tulun ya kusa cika da kiɗa da ihun yara. Ya gudu wurin abin da jikinsa ya sani, wato juyi. Amma juyi shi ne motsin da ya fi kowanne tayar da jiki. In an tsayar da lilo, ruwan cikin kunne ba ya tsayawa nan take, wannan ne jirin da kowa ya sani. Wasu yaran ba sa nuna jirin a lokacin, sai abin ya taru ya fito daga baya, wani lokaci bayan awanni, da amai ko fushi ko rashin barci. Girgizar mota ta zo ta ƙara a kai. Ita ma dariya iri biyu ce. Akwai ta jin daɗi, wadda yaro ke yi yana kallonki yana numfashi a tsakani. Akwai kuma mai kaifi da ba ta tsayawa, ido ya kafe wuri ɗaya, in kin kira sunansa ba ya waiwayowa. Wataƙila ya fara da ta farko ya ƙare da ta biyu.

Abin da ya yi a ƙasa kuwa ba rigimar shagwaɓa ba ce, kuma yana da kyau maigida ya san bambancin. Mai rigimar neman abu yana satar kallonki ya ga ko tana ci, da an miƙa masa abin sai ya share hawaye. Wanda tulunsa ya tumbatsa ba ya ganin kowa, ko an mayar da shi kan lilon ba lallai ya yi shiru ba. Tsawa da duka a wannan hali ƙarin ƙara ne da ƙarin taɓi a jikin da ya riga ya kasa ɗauka.

To, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ki sake kai shi, ki je ke kaɗai ko ki kira su. Ki tambayi wace rana da wane lokaci ne wurin ya fi zama wayam, ko suna ƙayyade yawan yaran da ke shiga lokaci guda, da ko akwai biki a ranar da kike so. Ki tambaya ko za su rage kiɗa in an roƙa. Ki duba ƙofar fita da idonki: tana da sakata a sama inda yaro ba zai kai ba, ko turawa kawai ake yi a faɗa wurin ajiye motoci? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Amurka ta buga a 2012 ya gano cewa kusan rabin yaran masu otizim da aka bibiya sun taɓa yunƙurin sulalewa daga inda ake kula da su bayan sun kai shekara 4. Ki leƙa banɗaki, domin na'urar busar da hannu mai hura iska tana razana yara da yawa, in akwai ta ki tafi da ƙaramin tawul. Ki ji sau nawa suke wanke ƙwallayen ramin. Sannan ki san cewa a yawancin irin waɗannan wurare ma'aikata kayan wasa suke kula da su, kula da yaro yana wuyan iyaye, takardar da ake sa hannu a ƙofa ma galibi abin da take faɗa ke nan.

Ki nemi izini ki ɗauki hoto biyar ko shida da wayarki: ƙofa, wurin cire takalmi, lilo, katifu, ɗakin hutawa, da motarku a waje. Kwana uku kafin zuwan ki riƙa nuna masa su a jere, da gajeriyar magana iri ɗaya kullum: “Za mu cire takalmi. Za mu yi wasa. Agogo zai yi ƙara. Za mu sa takalmi. Za mu koma gida.” Hoton ƙarshe shi ya fi muhimmanci, don yaron da ya san tafiya tana cikin shirin bai cika jin an yi masa ƙwace ba. Ki samo marufin kunne mai rage ƙara, irin mai kama da na sauraren rediyo, ki fara saba masa da shi a gida minti biyu zuwa biyar a rana. In ranar zuwan ya fara ganinsa, cire shi zai yi ya yar. Haka ma safa mai roba a tafin da wasu wuraren ke wajabtawa, ya gwada ta a gida tukuna. A jaka ki sa ruwa, kayan canji, da abin wasan da ya fi so. Ku je da safe a ranar aiki in da hali, bayan ya yi barci sosai, kuma a bar kamar awa ɗaya tsakanin cin abinci da hawa lilo.

Akwai abin da likitansa ne zai yanke. Farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin yara masu otizim fiye da sauran yara, kuma a wasu masu ita fitila mai walƙiya da sauri tana tayar da ita. In ya taɓa yin ta, ko kina ganin yana kafewa na 'yan daƙiƙoƙi ba ya amsawa, ki yi magana da likita kafin ɗakin fitilu da juyi. In yana ciwon kunne a ɗage zuwan. Ga iyayen da ke karanta mu masu yaro mai lalurar Down, wadda ake haifar yaro da ita take sa jinkirin girma da koyo, a duba ƙashin wuyansa kafin tsalle a raga ko alkafura, domin a wasunsu mahaɗar ƙasusuwan saman wuya tana da sako-sako.

Ranar komawa ki ƙudurta minti 30 zuwa 40 kawai, ko da lokacin da aka ba ku ya fi haka. Da kun shiga kada ki ja shi ciki. Ki tsuguna kusa da shi a gefen ƙofa minti biyu ko uku ya kalli wurin, ya ji ƙarar, ya zaɓi inda zai nufa. Kada ki ɗauke shi cak ki jefa a ramin ƙwallaye don ya “saba”. Ƙwallaye ɗari suna taɓa fatarsa lokaci guda, ƙafarsa ba ta samun ƙasa, yaron da aka yi wa haka yana iya ƙin wurin gaba ɗaya. Ki ɗebo ƙwallo uku ki ajiye a gabansa, in ya so zai matsa.

In zai yarda ki fara da aikin ƙarfi: hawa bango mai matakai, rarrafe cikin bututun yadi, tura babban matashi daga wannan bango zuwa wancan, faɗawa kan katifar soso. Duk abin da ke sa tsoka ta ja ko ta tura yana daidaita jiki, kuma da wuya ya yi yawa. Daga nan lilo mai zuwa gaba da baya, a hankali, da tafiya iri ɗaya kamar ana jijjiga jariri, wannan kwantar da jiki yake yi. Juyin da yake so ba za a hana shi ba, za a auna masa ne. Ƙa'idar da masu wannan aiki suka saba bayarwa ita ce kada a wuce juyi goma a gefe ɗaya, a hankali, sannan a tsaya cik a ƙirga goma, a dubi yaron, a juya ɗaya gefen. Zagaye biyu ko uku sun isa a wannan zuwan, sai a sauka a koma rarrafe ko turi. Ya fi kyau ma ya juya kansa da ƙafarsa a ƙasa, domin wanda ke tuƙa kansa yakan tsaya in ya ji ya isa, wanda ake juyawa kuwa ba shi da birki. A kowace tsayawa ki dubi leɓensa ko ya koɗe ya yi fari-fari, goshinsa ko ya tsatso da gumi mai sanyi, ko ya fara hamma, shaƙuwa, yawan haɗiyar yawu, ko jikinsa ya saki. Ko ɗaya kika gani, lilo ya ƙare na wannan rana, ko da yana miƙa hannu.

Ragar tsalle yaro ɗaya ne a lokaci guda. Yawancin raunukan da ake samu a kanta suna faruwa ne in yara sun haɗu, kuma ƙaramin ne ke shan wuya, domin ragar tana dawowa da ƙarfin babban ta bugi ƙafarsa. Ga ɗan shekara 5, ƙaramar raga mai sandar riƙewa ta fi babba.

Za ki ga bargo ko riga mai nauyi, ko wasu gammo biyu na soso da yaro ke bi ta tsakaninsu su matse shi. Matsi mai zurfi yana kwantar da mutane da yawa masu otizim. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Amurka wadda ita ma tana da lalurar, tana shekara 18 ta ƙera wa kanta na'urar matsi, bayan ta lura da yadda shanu ke natsuwa in aka matse su a wani keji a gonar innarta. Sirrin na'urarta shi ne ita ke riƙe da abin ƙarawa da ragewa. Ki riƙe wannan da kyau. Bargon kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin yaro, wato in kilo 18 ne shi, bargon kada ya kai kilo 2. Ba a rufe kai da shi, ba a nannaɗe yaro a ciki, kuma dole ya iya yaye shi da kansa. A 2008 a lardin Quebec na Kanada wani yaro ɗan shekara 9 mai otizim ya rasu bayan an nannaɗe shi cikin irin wannan bargo a makaranta. Ban faɗa don in tsorata ki ba, sai don kada ki bar kowa, ko ma'aikacin wurin, ya yi masa haka.

Ɗakin fitilun ki ajiye shi na ƙarshe. Asalinsa daga ƙasar Holan ne a shekarun 1970, inda ake kiransa Snoezelen, an yi shi ne don mutum ya huta ya kalli abin da ya ga dama ba tare da an ce ya yi komai ba. Minti biyar zuwa goma a gaban bututun ruwan nan mai kumfa yana hawa, a cikin duhu-duhu, ke ma kin yi shiru, suna sauko da jiki kafin a fita.

Fita ita ce inda aka fi faɗuwa, don haka ki ba ta kulawa fiye da shiga. Yaro ɗan shekara 5 bai san tsawon “saura minti biyar” ba. Ki sa agogon waya mai nuna lokaci yana raguwa, ko agogon yashi, a inda yake gani. Ki sanar da shi saura goma, saura biyar, saura biyu, kina nuna hoton takalmi da na mota. Abu na ƙarshe ki sa masa adadi: “Faɗawa uku, sai takalmi.” Ku ƙirga tare, in an kai uku a tashi, kada a ƙara ko ɗaya, domin in kin ƙara yau gobe ƙirgar ba ta da daraja. A mota wani abin da yake so ya kasance yana jiransa. Mafi wuya a zuciyar uwa shi ne ku fita alhali yana cikin jin daɗi, amma lokacin ne yake da sauran ƙarfin jure rabuwa. In duk da haka ya zube, ki tura matashi ko tafin hannunki ƙarƙashin kansa, ki janye sauran yara, ki rage magana zuwa kalma biyu ko uku cikin sanyin murya, kada ki danne shi sai in zai ji ciwo. In za a iya kai shi ɗakin hutawa a kai shi. Zai wuce, kuma bayan ya wuce ruwa da shiru yake bukata, ba nasiha ba.

Maigida kuma kada ki ɗauke shi abokin hamayya a wannan magana. Uban da ya ga ɗansa a ƙasa mutane sun kewaye shi, abin da ya ji ciwo ne, sai ya fito a matsayin hani. Ki bar shi ya huce, ki karanta masa bayanin juyin nan, sannan ki nemi abu mai iyaka: zuwa uku a lokacin da ba cunkoso, in ba a ga alheri ba a bari. Ki ba shi aikin da ya dace da shi, shi ne mai tura matashi da kokawa a kan katifa, ke kina riƙe da agogo. Ki tuna masa cewa a irin wannan wuri yawancin iyayen da suka juyo sun taɓa durƙusawa a ƙasan nan da nasu ɗan. Ga wanda ya ƙura ido fiye da kima, jimla ɗaya ta isa: “Ƙara ce ta yi masa yawa, yanzu zai huce.”

Yarinyar ta ba ni tausayi ƙwarai. An cije ta a gaban mutane, kuma ina zaton hankalin kowa ya tafi kan ƙanenta. Maganar da ta yi kada a tsawatar mata a kai, gaskiyar abin da take ji ta faɗa. Ki zauna da ita ki ce kin ga cizon, ya yi zafi, ba daidai ba ne, kuma ba aikinta ba ne ta riƙe shi in ya rikice, nata ta matsa gefe ta kira babba. Zuwa biyun farko a bar ta a gida ko wurin wanda take so, a kuma yanka mata tata fitar, ko ta awa ɗaya ce, ita da ke ko ita da babanta, a inda ita ta zaɓa.

Bayan kowane zuwa ki rubuta layi huɗu: abin da ya hau da tsawon lokacin, yadda fitar ta kasance, yadda ya ci abinci, da ƙarfe nawa ya yi barci. Bayan uku ko huɗu za ki ga zaren da kanki. Takardar nan ki kai wa ƙwararren da ke ganinsa, in yana da shi. Ki kuma shiga da buri daidai gwargwado. Ɗakin wasa ba asibiti ba ne, ba ya warkar da otizim, duk wanda ya yi miki alkawarin haka ki kama jakarki. Ko jiyyar da ƙwararru ke yi da irin kayan nan, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗa a 2012 cewa hujjar amfaninta taƙaitacciya ce, ta ba da shawarar a gwada na ɗan lokaci a duba ko yaron yana amfana. Abin da wurin zai ba ɗanki shi ne fili mai laushi da zai motsa son ransa ba a ce masa “sauka” ba, ke kuma ki koyi abin da jikinsa ke nema.

In wurin ba shi da lokacin da ba cunkoso, ko zuwa ukun ba su yi kyau ba, ba ku yi asarar komai ba. Tsohuwar katifa a ƙasa da matasai sun zama wurin faɗawa. Kwandon wanki cike da kaya abin turawa ne. Ki zaunar da shi a kan bargo ki ja shi a hankali a tsakar ɗaki, ko ke da babansa ku riƙe bakin bargon ku lila shi kusa da ƙasa. Lilon rataye a rufi kuwa kada a kafa sai wanda ya san ƙarfin ginin ya duba. Buga kai da rashin barci in suna yawan faruwa ko ba a je ko'ina ba, wannan maganar likita ce daban, kada a jira.

Kada ki yi mamaki in a zuwa na gaba minti 20 kawai ya yi, rabinsu a cikin bututun yadi yana leƙen ki ta ɗaya bakin. In ya sa takalminsa ya taka zuwa mota da ƙafarsa, ki rubuta shi a takardarki. Ki sake rubuto mana bayan na uku mu ji yadda barcinsa ya kasance, ki kuma gaishe mana da yayarsa.